Ledar rogo a teburin kokon Goggo: lissafin da muka yi a Aboabo

Goggona, ƙanwar mahaifina, ta fi shekara 20 tana sayar da koko da ƙosai a Aboabo, nan Kumasi. Kafin a kira sallar asuba wutarta ta kama, ana sallamewa daga masallaci layi ya fara, direbobin torotoro, 'yan makaranta, kayaye 'yan dako masu sammakon kasuwar Kejetia, kowa da 'yan canjinsa a hannu. Kuma kusan duk wanda ya tsaya a teburin nan da leda uku yake tafiya. Mu nan roba muke ce mata, amma bari in riƙa cewa leda saboda 'yan uwa na Najeriya da Nijar. Fara guda a zuba koko a ƙulle bakin, wata a sa ƙosai ko pinkaso, sai baƙa a haɗa su ciki, in kokon ya cika zafi ma a ninka farar. Ba wanda ke biyan ko pesewa ɗaya a kan ledar nan. Kyauta ce, kuma wannan kyautar ita ta kayar da mu daga baya.

Abin da ya ja ni cikin maganar gota ce, wato magudanar ruwa. Akwai wata a bayan inda take zama, duk damina sai ta toshe, ruwa ya dawo har ƙofar ɗakunan mutane, mu samarin unguwa mu fito ranar Asabar da shebur da manjagara muna yasa. In ka ɗago shebur ɗaya, wallahi fiye da rabi leda ce, ta piya wata, baƙar leda, da farar nan ta koko da ƙullinta yadda aka tsotse aka yar. Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan bai manta daren 3 ga Yuni 2015 ba, ambaliya da gobarar gidan mai a Circle a Ankara, babban birnin Gana, rayuka wajen 150, kuma toshewar magudanai na cikin abin da aka yi ta magana a kai bayan nan. To ranar da na ciro ledar koko cike da shebur sai na ji kunya, don na san daga teburin wa wasu suka fito. Da yamma na same ta tana surfa gero na ce, Goggo, akwai wata leda da ake yi da rogo ko masara, ruɓewa take kamar ganye, me zai hana mu gwada. Ba ta ko ɗago ba ta ce, ɗan nan, nawa ce? Ni kuma lokacin ban sani ba. Na ce zan bincika, kuma gwajin farko daga aljihuna.

Neman kayan ma aiki ne. A Kejetia ko kowane kiyos na unguwa ledar gargajiya ƙulli-ƙulli take, ka sayi na yau gobe ka dawo. Waccan kuwa sai da na bi ta waya da WhatsApp, wani ya haɗa ni da wani a Ankara, a ƙarshe na samu kala uku, kuma a nan na fara gane cewa sunan ɗaya ne amma kayan daban-daban.

Ta farko irin ta Indonesiya ce da ake yi da sitacin rogo, mai laushi kamar siliki. Masu tallarta da kansu suna nuna yadda take narkewa a ruwan zafi. To ai mu ruwan zafi muke sayarwa. Goggo ta zuba ludayi ɗaya ta ɗaga sama, muna kallo gindin ya yi danƙo ya saki, koko ya zube a tire. Ta biyu kofuna ne masu haske na PLA, wato robar da ake samu in an mai da sitaci sukari, ƙwayoyin halitta su mai da sukarin wani tsami irin na nono, sannan a sarrafa shi ya zama roba. Kyau kam akwai kyau, amma PLA tana fara laushi ne daga wajen digiri 60, kokon Goggo kuwa daga kan wuta yake, kofin ya lanƙwashe a hannuna. Ta dace da fura ko burkina mai sanyi, ba ta dace da mu ba. Ta uku ita ce mai dama-dama, cakuɗen sitaci da wata roba da ake kira PBAT. Abin da ya ba ni mamaki, PBAT ɗin nan daga man fetur ake yin ta, sai dai an tsara ta yadda za ta iya ruɓewa a takin. Ita ta riƙe ƙosai da kyau, ta yi aikin baƙar leda, koko ma ta ɗan jure in an bari ya huce kaɗan. Ita muka tsayar, na sayi katan ɗaya.

Yanzu ga lissafin, don nan gizo ke saƙa. Ledar da muka saba da ita sunan robarta polietilin, ana yin ta daga gas ko wani ɓangare na ɗanyen mai. A kasuwar duniya kilo ɗaya na ƙwayoyinta yakan yi yawo ne tsakanin dala 1 zuwa 1 da rabi. PLA da ire-iren cakuɗen nan galibi wajen ninki biyu suke, wata kuma da ake kira PHA, wadda ta fi su saurin ruɓewa har a cikin ruwa, ta fi haka tsada nesa. Ni da na ji ninki biyu na ɗauka shi ke nan, za a iya lallaɓawa. Ashe da sauran rina a kaba. Roba da kilo ake sayenta, amma Goggo da ɗai-ɗai take rabawa, kuma mai ruɓewar ta fi nauyi. In ka ɗauki guntu biyu masu girma ɗaya, na polietilin bai kai nauyin ruwa ba, shi ya sa yake yawo a saman gota, PLA da PBAT kuwa sun fi ruwa nauyi da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ma'ana kilon da zai ba ka leda 100 a can, a nan wajen 75 zai ba ka ko da kaurinsu ɗaya. Sannan kaurin ma ba ɗaya ba ne, farar ledar koko siririya ce kamar fatar albasa, ita kuwa waccan in aka yi ta haka yagewa take, dole a ƙara mata jiki. Haɗa tsadar kilo, da ƙarancin adadi, da ƙarin kauri, kafin ka sa kuɗin jirgi da kwastan a Tema, kana maganar ninki huɗu. Kuma kusan haka ya fito mana.

Bari in sa shi da lambobi masu sauƙi, tunda farashi kullum canzawa yake. A ƙaddara mutum 200 ne a rana, leda uku-uku, 600 ke nan. A ƙaddara kowace pesewa 5, sidi 30 a rana, tunda pesewa 100 ne sidi ɗaya. Ninka huɗu, sidi 120. Ƙarin sidi 90 kullum, a wata sidi 2,700. Mai koko ribarta ba ta da kauri, bayan gero, wake, mai, sukari, itace, kuɗin niƙa, ladan yarinyar da ke soya da tikitin asambile, wato harajin ƙaramar hukuma, abin da ke saura shi ne cefanen gida da zubin susu, wato adashi. Da na nuna mata takardar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, to wannan ai ni zan koma yi wa leda aiki.

Mun gwada ɗora wa masu saye. Sati guda ta riƙa cewa in kana son sabuwar leda ƙara pesewa 50. Wasu sun karɓa don kunyarta, wani malamin makaranta ma ya yi ta sa albarka, amma yawanci sai su ce Hajiya a ba ni ta da. Kuma ban ga laifinsu ba. Mutumin da ke ƙirga kuɗin mota zuwa Adum da dawowa, ka ce ya ƙara kashi 10 cikin 100 a kan kokon sidi 5 saboda abin da zai yar bayan minti goma, alhali taku kaɗan gaba akwai wata mai kokon da ke ba da leda kyauta har da ninki. A satin nan ta ga fuskokin da ta saba gani kullum sun ragu, kuma mai sana'ar abinci ta fi tsoron wannan a kan komai, don wanda ya saba da wani tebur da wuya ya dawo.

Akwai kuma abin da ban sa a lissafi ba sam, uwar kuɗi. Ledar da, da cinikin jiya take sayen ta yau. Wannan kuwa katan ne ko babu, kuma a tura kuɗi ta momo kafin a sa a mota. Mai kawowa da dala yake saye. Duk mun ga 2022, an shiga shekarar dala tana wajen sidi 6, kafin ƙarshenta ta haura 14, hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin 100 a Disamba. Gaskiya ne ita ma ledar gargajiya ƙwayoyinta daga waje ake shigo da su, amma a nan gida ake hura ta, a masana'antun Ankara, Tema da Kumasi, sannan baƙar leda da yawa daga tsohuwar roba ake narko ta, irin ledojin piya wata da mata da yara ke tsinta suna sayarwa a kilo. Wato abokiyar hamayyar tamu wani ɓangarenta daga bola take fitowa, da sidi ake biyan kuɗinta. Ga shi mai ruɓewar ba ta son ajiya, zafi da laimar Kumasi suna cin ta tun tana cikin katan.

Na zauna na yi ta karatu don in gane ko wani ne ke cin ƙazamar riba a tsakiya. Abin da na gano ya fi haka zurfi. Duniya na yin roba wajen tan miliyan 400 a shekara, duk robobin tsirrai da masu ruɓewa in ka haɗa su wajen tan miliyan 2 ne da 'yan kai, ko kashi 1 cikin 100 ba su kai ba. Babbar masana'antar PLA da aka fi sani, ta NatureWorks a garin Blair na jihar Nebraska a Amurka, tan 150,000 take iya yi a shekara daga masara. Ta TotalEnergies Corbion a Rayong ta ƙasar Tailan tan 75,000 daga rake. Amma masana'anta guda ta sarrafa gas tana iya fitar da sinadarin etilin, wanda ake yin polietilin da shi, fiye da tan miliyan 1 a shekara, kuma irinta da yawa a Amurka, Saudiyya da Sin, sun shafe shekaru fiye da 60 suna goge aikin har ya zama ba asara ko ta ƙwaya. Mai babban tukunya ko yaushe ludayinsa ya fi araha, Goggo ma ta san wannan. Sannan ita mai tsiron sai an yi noma, an girbe, an fitar da sitaci, an jiƙa ya yi tsami, an tace, kowane mataki da wutarsa da ruwansa, kuma tana gogayya da bakin mutane da na dabbobi a kan masara da rogon.

Farashin mai kuma shi ke kaɗa gangar. Duk lokacin da ɗanyen mai ya faɗi, kamar daga 2014 zuwa farkon 2016 da ganga ta sauko daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da 30, ko 2020 lokacin korona, sabuwar roba sai ta yi arha, masu ta tsiro su shiga uku. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba. Haɗin gwiwar Metabolix da ADM na yin PHA a jihar Iowa ya watse a 2012, Danimer Scientific kuma ta shigar da takardar karyewa a Maris 2025. In masu miliyoyin dala sun kasa jure tazarar nan, ban ga yadda za a ce mai koko a Aboabo ta cike ta daga ribarta ba.

Wani abokina ya ce to ai muna da rogo, Gana na cikin manyan masu nomansa a duniya, fiye da tan miliyan 20 a shekara, me ya sa ba za a yi a gida ba. Ni ma zuciyata na can. Amma rogo in an haƙe shi kwana biyu zuwa uku ya fara lalacewa, kuma sai ka tara tan 4 zuwa 5 na ɗanye kafin ka sami tan 1 na sitaci, ga masu gari, kokonte da sakwara suna jiran rogon nan da kuɗi a hannu. Kamfanin sitaci na Ayensu da aka kafa a Bawjiase zamanin Shugaba Kufuor ya sha tsayawa, kuma samun isasshen rogo a kan kari na cikin matsalolinsa. Sitaci ma matakin farko ne kawai, PBAT ɗin da za a cakuɗa dole a shigo da ita.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gwajin ramin. Na haƙa rami a bayan gida na binne kowace kala ɗaya, na sa dutse a kai. Bayan wata uku na tone. Ta rogon ta tafi sai ɓurɓushi. Mai cakuɗen ta yi huji-huji ta yi rauni amma tana nan. Kofin PLA kuwa na ɗauraye shi ya fito kamar jiya aka binne. Ashe rubutun da ke jikinsu na cewa suna zama taki, ma'aunin Turai da ake kira EN 13432, yana nufin a masana'antar taki ne inda zafi ke kai wajen digiri 58, a can ne ake so kashi 90 cikin 100 ya ruɓe cikin wata 6. Muna da masana'antar taki a Adagya nan kusa da Kumasi, amma ledar da yaro ya tsotse koko ya yar a bakin titi ba can za ta ba, kuma mai aboboya da ke kwasar bola a unguwarmu haɗe komai yake. Wato ko da Goggo ta biya ninki huɗun nan, gotar za ta iya toshewa a daminar bana yadda ta toshe bara, don ruwan sama ba ya jiran wata shida.

A tsakiyar haka wani ya kawo mana koriyar leda da hoton ganye a jiki, farashinta kusan ɗaya da ta gargajiya, ya ce ita ma mai ruɓewa ce. Goggo ta yi murna, ni ma da farko. Da na duba ƙananan rubutun sai na ga irin wadda ake kira okso ce, polietilin ce dai aka sa mata sinadarin da ke sa ta farfashe a rana ta zama ƙanana-ƙanana. A 2015 gwamnatinmu ta umarci masu masana'anta su riƙa sa irin sinadarin nan, tare da hana ledar da kaurinta bai kai maikiron 20 ba, amma Tarayyar Turai ta haramta ledar okso tun Yulin 2021 saboda gutsattsarin ba sa ɓacewa, shiga ƙasa da ruwa suke. Na ce mata Goggo wannan arhar ba ta alheri ba ce, muka mayar masa.

Inda na ga robar tsiro ta yi kasuwa da gaske, doka ce ta share mata fili. Italiya ta hana ledar kanti wadda ba ta ruɓewa tun 2011, daga Janairun 2018 kuma har ta auna kayan lambu sai mai zama taki, kuma dole mai saye ya biya kuɗinta a rasit, ga su da tsarin kwasar sharar abinci daban. Kenya a 2017 da Ruwanda tun 2008 hana ledar suka yi. In kowa a layin dole ya yi abu ɗaya, ba mai tsoron maƙwabciya za ta kwashe masa ciniki. Mu nan an sa harajin muhalli na kashi 10 cikin 100 a kan roba a 2013, an yi manufar ƙasa ta sarrafa roba a 2020, a Yunin 2025 Shugaba Mahama ya yi shelar za a hana farin mazubin tekawe na soso. Amma kashi 10 a kan abin da ya fi ka arha sau huɗu ba ya motsa komai. Ni a ganina ledar nan ba arha ce da ita ba, wani ne ke biyan ragowar kuɗin, mu masu shebur ranar Asabar, da matar da ruwa ya jiƙa wa katifa, da kuɗin maganin maleriya. Har sai an mai da wannan kuɗin cikin farashinta, roƙon mai koko ta yi kishin muhalli ita kaɗai zalunci ne.

Sati shida muka yi muka tsaya. Amma ba duka aka watsar ba. Akwai wasu ma'aikata a wajen jami'ar KNUST da ke yin odar karin kumallo duk Juma'a, koko, ƙosai, ƙwai, burodi da madara, kowane ƙunshi kuɗinsa ya ninka na bakin titi sau goma ko fiye. A nan ƙarin pesewa 50 ba ya ko ganuwa, kuma su da kansu suke son a kawo musu a mazubin da ba roba ba. Su muke zuba wa ragowar katan ɗin. Haka in an yi odar suna ko walima.

A teburin kuwa dabarar da ta yi aiki daga Goggo ta fito. Ta ce lokacin da ta fara sana'ar nan kowa da kofinsa ko kwanonsa yake zuwa, masu waakye kuma a ganye suke zubawa, har yau ma akwai masu cewa na ganye ya fi daɗi. Sai ta sa doka, duk wanda ya zo da mazubinsa tana ƙara masa rabin ludayi, ƙosai kuma ta koma naɗewa a ganye in ya samu da sauƙi a kasuwa, a ranar da ya yi tsada ta koma leda. Rabin ludayin ya fi leda uku tsada kaɗan, na lissafa na gaya mata, ta ce ta sani, amma wanda ya zo da fulas na gidansu duka yake saya wa, kuma gobe ma nan zai zo. Matan layinmu da yaran da ake aikowa yanzu da yawansu da jug ko fulas suke zuwa. Direbobi da kayaye har yanzu leda suke karɓa, ba su da inda za su sa kwano, kuma ba ta taɓa hana su ba. Ƙullin farar leda da ke ƙarewa kafin ƙarfe takwas yanzu yakan kai ta gobe.

Jiya na buɗe katan ɗin in ƙirga abin da ya rage saboda odar Juma'a, na saman sun fara mannewa da juna, biyu sun yage a hannuna tun ban sa komai ba. Na ware masu kyau, za su kai mu wata guda. Mai kawowa ya turo sabon farashi, na karanta mata, ta ce in tambayi mutanen jami'ar ko za su yarda a raba kuɗin katan na gaba, in sun yarda a saya, in ba su yarda ba a kai musu a kula su zuba a kofunansu.